Kumburi a bayan gwiwa: a kai shi wajen wanzami?

Tambaya: Likita, Babanmu ne wani abu ya kumburo masa a bayan gwiwa, in ya wuni a gona sai ƙafar ta yi nauyi, 'yan uwa sun ce a kira wanzami ya yi masa ƙaho. Ya kake gani? Daga wata 'yar uwa, wani ƙauye kusa da Ringim.

Amsa: 'Yar uwa, don Allah kar a bari aska ta taɓa wajen nan. Yawanci ruwan gwiwa ne ke taruwa, amma wani lokaci jijiyar da ke mayar da jini zuciya ce ta buɗe ta yi jaka, ba kasafai ake ganinta ba amma fa tana da haɗari, don jini kan daskare a ciki, gudan ya ɓalle ya tafi huhu ya toshe numfashi. Da ido ba a ganewa, sai an yi sikanin Dopla, wato hoton da ke nuna yadda jini ke gudana a jijiya. In jakar ta wuce santimita 2 ko akwai gudan jini, tiyata ake yi, a yanke inda ya kumbura a ɗinke jijiyar, sannan a ɗora shi kan maganin tsinka jini na wasu watanni. Ku nemi takardar turawa zuwa Asibitin Malam Aminu Kano. In kuwa kun ga yana haki ko ciwon ƙirji, ku tafi a ranar, ko da dare ne.