Tambayoyinku Kan Waya: Bashin Manhaja Da Sauran Matsaloli

Assalamu alaikum. Saƙonnin wannan makon yawancinsu daga Agege, Mile 12 da Idi-Araba suka fito. Masu tambayar wace waya za su saya su yi haƙuri zuwa mako mai zuwa, akwai maganar da ta fi wannan zafi.

Tambaya: Kullum wayata sai ta ce wuri ya cika, ko hoto ba na iya ɗauka. Yarona ya ce mu je Computer Village, kasuwar wayoyi ta Ikeja, a sayo sabuwa. Daga wata uwargida a Idi-Araba.

Amsa: Hajiya, ina zargin yaron nan ya ƙyalla ido ne a kan tsohuwar. Wayarki lafiyarta ƙalau, bidiyon biki da gaisuwar Juma'a ne suka danne ta. Shiga saitin WhatsApp, wajen ma'ajiya, za ki ga jerin abin da ya wuce 5MB da wanda aka yi ta turawa, ki share. Ki kashe sauke bidiyo kai tsaye. Hotunan da kike ji da su ki ɗora a Google Photos, kowane asusu yana da 15GB kyauta.

Tambaya: Na ci bashin naira 20,000 a wata manhaja da abokina ya turo min ta WhatsApp. Naira 14,000 suka sa min, suka ce in biya 20,000 cikin kwana bakwai. Na yi jinkirin kwana biyu, sai ga shi sun tura wa surukina da limamin unguwarmu saƙo cewa ni ɓarawo ne. A ina suka samo lambobinsu? Idan na goge manhajar shi ke nan? Daga wani mai sayar da tumatir a Mile 12.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya fid da kai. Amma kai ne ka ba su lambobin da hannunka. Ranar da ka sauke manhajar ta nemi izinin duba lambobinka, hotunanka da saƙonninka, ka yi ta danna amincewa don idonka na kan kuɗin. A wannan lokacin ta kwashe komai ta aika wa masu ita. Goge ta yanzu ba zai dawo da abin da ya riga ya fita ba.

Abin da ke ƙona min rai shi ne, mutumin da zai yi rabin awa yana ciniki a kan kwandon tumatir ɗaya, shi ne zai karɓi wannan sharaɗin bai ko ɗauki biro ba. Mu yi lissafin tare. An ba ka 14,000, za ka mayar da 20,000. Ƙarin 6,000 ke nan, wato kusan kashi 43 cikin 100 a mako guda. Wace sana'a ce a Legas take kawo wannan ribar cikin kwana bakwai? Tun ranar farko an shirya abin ne yadda ba za ka iya biya a kan lokaci ba, sai tara ta hau, sai ka ruga manhaja ta biyu don ka biya ta farko. Wannan shi ne a bar kashi a ciki, ba ya maganin yunwa. Hukuncin riba kuwa malamai sun riga sun yi bayaninsa, kuma limamin da aka tura wa saƙon zai ƙara maka.

Hanyar da ka samo manhajar ma matsala ce. Tun 31 ga Mayun 2023 Google ya hana manhajojin ba da bashi da ke Play Store taɓa lambobi da hotunan mutane, kuma tun kafin nan ya hana bashin da ake tilasta biyansa gaba ɗaya cikin kwana 60 ko ƙasa da haka. Shi ya sa masu wannan aika-aikar suka koma raba manhajarsu ta mahaɗin WhatsApp da Facebook, inda babu mai bincikarsu. Duk manhajar kuɗi da ta zo maka ta wannan hanyar, ko ɗan uwarka ne ya turo, kada ka buɗe.

Kuma ba a bar ku babu gata ba. Hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a nan Ikeja a watan Maris na 2022, daga baya ta wajabta musu rajista, tana kuma wallafa sunayen waɗanda ta amince da su a shafinta. A 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a, hukumar NDPC ke kula da ita. Ɓata maka suna wajen mutanen da ba su tsaya maka ba laifi ne, ko da ana bin ka.

Yanzu ga abin yi. Ɗauki hoton duk saƙon barazana da suka aiko, har da na surukinka, kafin ka taɓa komai. Shiga saiti ka janye duk izinin da ka ba manhajar. Idan ka sa mata lambar katinka, je banki a toshe shi a ba ka sabo, don kada su riƙa zarar kuɗi kana barci. Kai ƙara wajen hukumomin nan biyu da hotunan. Sannan ka riga su: tura wa mutanenka saƙo ɗaya ka faɗi gaskiyar abin da ya faru. Kunyar nan da kake gudu ita ce kaɗai makaminsu. Abin da ka karɓa kuwa bashi ne a wuyanka, nemi hanyar biya, ka ajiye shaida, amma kada ka ci wani bashin manhajar don ka biya wannan.

Gaba kuma, kana tsakiyar kasuwar da ke cike da 'yan'uwa. Akwai adashe, akwai ƙungiyarku, akwai ubangidan da zai ba ka kaya ka sayar ka kawo. Idan jari babba kake nema, Jaiz, TAJ da Lotus duk bankuna ne da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, je ka tambayi sharuɗɗansu.

Tambaya: Ina da shagon kayan masarufi, masu karɓar kaya bashi sun yi yawa, ina mantawa. Wace manhaja ce ta fi? Daga wani mai shago a Agege.

Amsa: Alhaji, wanda ba ya rubutu a littafi ba zai yi a manhaja ba. Ni dai ba na gajiya da faɗin wannan: littafi mai kauri, shafi ɗaya ga kowane mutum, kowane dare bayan isha'i ka ɗauki hoton shafukan da aka taɓa. Ko ruwan Legas ya shiga shago, lissafi yana nan. Ranar biya ka sa a kalandar waya ta tuna maka. Ka raba asusun shago da na cefane. Kuma kada ka saki kaya don an nuna maka alat, wato saƙon shigar kuɗi, buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin da idonka.

Tambaya: An zare min waya a danfo wajen Oshodi, kafin in isa banki an kwashe kuɗina. Alhali wayar tana da makulli. Daga wani maigadi a Apapa.

Amsa: Malam, wayar ka kulle, ba ka kulle layin ba. Cire shi suka yi suka sa a wata ƙaramar waya, saƙonnin bankinka suka koma zuwa musu. Kai ƙorafi a rubuce ga bankin, ka karɓo layinka da lambar NIN. Sabon layin ka sa masa PIN a saitin tsaro. Kuskure uku zai nemi PUK, lambar buɗe layin da ya kulle, tana jikin katin da layin ya zo da shi, don haka kada ka yar.

Tambaya: Saƙonnin talla sun dame ni. Daga wata ɗaliba a Yaba.

Amsa: Rubuta STOP ki tura 2442, kyauta ne a kowane layi.