Wanne God of War Ya Fi Kyau, Kuma Da Gaske Ragnarök Na Hawa Wayar Android?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sami PS4 ta hannu, kuma ban taɓa buga God of War ba sai guda ɗaya na PSP da na buga a waya. Lokacina kaɗan ne, ba na son in kashe wata guda a kan wanda ba shi da daɗi. Don Allah a jera mini su daga wanda ya fi kyau zuwa na ƙarshe. Abu na biyu shi ya fi tayar mini da hankali. Ƙanena ya ga bidiyon wani yana buga Ragnarök a waya, ya bi linkin da ke ƙasa ya sauke fayil mai megabait 300. Wasan bai buɗe ba, amma tun ranar wayar ke zafi, tallace-tallace na faɗo masa ko bai taɓa komai ba, ga shi manhajar bankinsa a ciki take. Shi ya dage wai wasan na gaske ne, wayarsa ce ba ta da ƙarfi. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ka ci gaba da karatu, je ka karɓi wayar ƙanen naka ka kashe mata data da Wi-Fi. Jerin wasanni zai iya jira, wannan ba zai jira ba. Zan dawo kansa, kuma zan daɗe a kansa.

A wurina God of War na 2018 shi ne na ɗaya, kuma ba na kokwanto. Kamfanin Santa Monica, ƙarƙashin jagorancin Cory Barlog, ya ɗauko jarumin wasan, Kratos, da muka sani da ihu da yanka, ya mayar da shi uba wanda bai iya magana da ɗansa ba. Labarin kansa ƙarami ne: shi da Atreus za su kai tokar matarsa Faye ƙololuwar dutsen da ya fi kowanne tsayi. Ƙanƙantar nan ita ce ƙarfinsa, domin duk inda ka zagaya ka san abin da ya fito da kai daga gida. Kyamara ba ta yankewa tun daga farko har ƙarshe, gatarin Leviathan kuwa, in ka jefa shi ka kira shi ya dawo hannunka, ban san makamin da ya kai shi daɗin riƙewa a duk jerin ba. Aibinsa ɗaya ne a fili: manyan abokan faɗa sun yi kaɗan, dodo iri ɗaya za ka yi ta karawa da shi an sauya masa launi. Duk da haka shi ya ci kyautar gwarzon wasan shekara a bikin The Game Awards na 2018, kuma ya cancanta.

Na biyu shi ne God of War II na 2007 a PS2. Nan ne mutane ke yi mini gardama, su ce ta yaya wasan PS2 zai sha gaban Ragnarök. Ku buga shi tukuna. Daga faɗan farko da ƙaton gunkin Rhodes har zuwa haɗuwa da 'yan'uwa mata masu riƙe da zaren ƙaddara, babu wurin da za ka ji ana ja maka lokaci. Faɗa, wasa ƙwaƙwalwa, hawa bango, sabon makami, a jere suke, kowanne ya zo daidai lokacin da na gabansa ya fara isar ka.

Ragnarök na 2022 na ba shi na uku. Faɗansa ya fi na 2018 armashi, abokan gaba sun yi yawa iri-iri, ga mashin Draupnir da aka ƙara. Amma an cusa labarin wasa biyu a cikin ɗaya. Akwai dogon yawon da Atreus ke yi a dajin Ironwood wanda ya kamata a rage rabinsa, sannan ƙarshen da aka daɗe ana shirya maka ya zo a gurguje. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne abokan tafiya da ba sa barin ka ka yi tunani; kana kallon ƙofa daƙiƙa kaɗan sai wani ya faɗa maka yadda ake buɗe ta. Idan ka gama shi kada ka bar ƙarin Valhalla da aka saki kyauta a Disambar 2023, shi ne ya haɗa tsohon Kratos da sabo yadda ya dace.

God of War III na 2010 ke bi masa. Buɗewarsa, inda kake faɗa da Poseidon a jikin Gaia tana hawan dutsen Olympus, har yau ba a cika samun irinta ba. Sai dai Kratos na cikinsa fushi ne tsagwaronsa, har ka kai inda ba ka tausaya masa. Daga nan sai Ghost of Sparta na PSP, shi ma 2010, wanda kamfanin Ready at Dawn ya yi a kan neman ɗan'uwansa Deimos. Na fifita shi a kan na asali na 2005 saboda na asalin yana da wuraren da yau wahala ce kawai, musamman ginshiƙan wuƙaƙe masu juyawa a lahirar Hades. Chains of Olympus na 2008 gajere ne, amma wurin da wasan ke tilasta maka danna maɓalli don ka ture 'yarka Calliope ya isa dalilin buga shi. Ascension na 2013 shi ne na ƙarshe. Ba lalatacce ba ne, yana da kyan gani, sai dai ba shi da wani sabon abin faɗa, kuma ƙarfin da aka zuba a ɓangaren buga shi da mutane ta intanet ya ci na labarin.

Da PS4 ɗinka kana da guda uku kai tsaye: III da aka sabunta a 2015, na 2018, da Ragnarök. Fara da na 2018. Tunda ka buga na PSP ka san makaman da Kratos ke amfani da su a ƙasar Girka, kuma akwai wani wuri a tsakiyar wasan da wannan sanin zai biya ka. Ba zan ƙara komai a kai ba. Ka tuna dai duk jerin na manya ne, 'yan shekara 18 zuwa sama a ma'aunin Turai, kuma na zamanin Girka har da tsiraici a ciki, ba jini kaɗai ba. Ba wasan da za a bar wa yara ba ne.

To, mu koma kan wayar ƙanenka.

Babu God of War Ragnarök na Android. Babu na iPhone. Babu na 2018, babu na III. Sony ta fitar da Ragnarök a PS4 da PS5 a Nuwambar 2022, sannan a kwamfuta a Satumbar 2024, shi ke nan. Kusan kullum sai an turo mini wannan tambayar, kuma kullum da hujja ɗaya: “ai na gani da idona a bidiyo.” Na gaji da masu shirya bidiyon nan, domin sun san sarai abin da suke yi, kuma yara da matasa suke farauta.

Lissafi kaɗai ya isa. Ragnarök na kwamfuta yana neman gurbin gigabait 190. Na 2018 yana neman 70. Fayil ɗin ƙanenka megabait 300 ne, wato wasan gaskiya ya ninka shi fiye da sau 600. Za su ce maka wai an matse shi ne sosai. Ƙanzon kurege ne. Yawancin nauyin wasa hotuna ne da sauti da muryoyi, kuma waɗannan tun daga kamfani a matse suke zuwa. Babu wata dabara a duniya da za ta mayar da gigabait 190 megabait 300 ta sake dawo da su. Ko ɗan faifan PSP na wancan zamanin yana ɗaukar har gigabait 1.8. Bayan wannan, ƙwaƙwalwar PS4 da PS5 irin ta kwamfuta ce, ta waya kuwa wani gini ne daban, umarnin da ɗaya ke ji ɗaya ba ya ji. Ba fayil ake kwafowa a ɗora ba, sai kamfani ya zauna ya sake gina wasan don waya, kuma da Sony ta yi haka da duniya ta ji, da a Play Store za ka same shi da sunanta, ba a ƙasan bidiyon wani da ba a ganin fuskarsa ba.

Abin da ƙanenka ya gani kuwa ɗaya ne daga cikin uku. Ko dai an ɗauki bidiyon wasan daga PS5 an liƙa masa hoton maɓallai, mai bidiyon yana ta motsa yatsu a kan fim. Ka lura da kyau za ka ga Kratos na juyawa kafin yatsa ya motsa. Ko kuma manhajar PS Remote Play ce, wadda ta Sony ce ta gaskiya, amma na'urar da ke ɗaki ce ke gudanar da wasan, waya hoto kawai take nunawa, sai a ɓoye na'urar a ce waya ce. Na uku, a ɗauko Ghost of Sparta ko Chains of Olympus na PSP a sauya masa fata, a sa wa Kratos gemu, a raɗa masa suna God of War 4. Wannan na ƙarshe aƙalla wasa ne, amma da sunan ƙarya. Na san wani zai ce ai akwai Winlator da ire-irenta masu ƙoƙarin gudanar da wasannin Windows a manyan wayoyi. Akwai su. Amma su ma cikakken wasan kwamfuta suke buƙata da dukan nauyinsa, ga waya mai tsananin ƙarfi, ba ɗan fayil ɗin da ake saukewa cikin minti biyar ba.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya ɓata lokaci ya shirya bidiyo da shafi da manhaja yana da abin da yake nema a wurinka. Mafi sauƙinsu shi ne mai cewa sai ka tabbatar kai mutum ne: ka sauke manhajoji biyu, ka cike fom, ka sa lambar wayarka. Kowane dannawa kuɗi ne gare shi, wasa kuwa ba zai taɓa buɗewa ba. Sama da shi akwai mai cika waya da talla a ɓoye, shi ke kawo zafi da shan caji da cinye data, kuma alamun da ka faɗa sun yi kama da shi. Mafi muni shi ne wanda ke neman izinin karanta saƙonni, da izinin bayyana a saman sauran manhajoji, da izinin nan na Accessibility da aka yi don taimaka wa masu buƙata ta musamman. Duk manhajar da ta sami wannan izinin tana ganin abin da ke kan allo, tana iya danna maɓalli da kanta. Ka buɗe manhajar banki ta shimfiɗa maka shafin bogi a samansa, ka rubuta lambar sirrinka da hannunka, banki ya turo lambar tabbatarwa ta saƙo ita ma ta karanta. Ina ruwan wasan faɗa da saƙonninka? Kuma kusan duk bidiyon nan sai ka ji an ce ka kashe Play Protect, wato tsaron Google mai binciko miyagun manhajoji, kafin ka girka, wai yana hana wasan aiki. Ɓarawo ne ke ce maka ka sallami mai gadi, kai kuma ka sallame shi da kanka.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne maganar ƙanenka cewa wayarsa ce ba ta da ƙarfi. Da wannan tunanin ake cin mutane sau biyu, sau uku. Ya gaza a wannan linkin sai ya nemi wani, ya ari wayar da ta fi tasa ya gwada, ya tura wa abokansa su ma su gwada. Mutum ɗaya sai ya jefa gida guda cikin matsala alhali yana ganin alheri yake rabawa. Wanda duk ya tura wa wani linkin da shi kansa bai ga ya yi aiki ba, yana da kaso a cikin abin da ya sami mutumin, kuma ya kamata mu ji nauyin hakan. Kada ka yi masa faɗa ko ka kunyata shi, domin wanda aka kunyata gobe ɓoyewa zai yi. Zaunar da shi ka nuna masa lissafin nan na 190 da 300, zai gane da kansa.

Ga abin da za ku yi yau, data na kashe. Ku shiga saitin waya ku duba jerin manhajoji gaba ɗaya, ku cire manhajar wasan bogin da duk abin da aka girka tun ranar, har da wanda ba shi da hoto ko suna, don wasu ɓoye kansu suke yi. Idan ta ƙi cirewa, ku duba wurin Accessibility da wurin masu ikon kula da na'ura, ku ƙwace mata izini, sannan ku sake gwadawa. Ku kunna Play Protect ya bincika. Daga wata waya daban mai tsabta, ba wannan ba, ya sauya lambobin sirrin banki da imel da shafukan sada zumunta, ya duba shige da ficen asusunsa, in ya ga abin da bai sani ba ya kira bankinsa nan take. Idan ya tuna ya ba ta izinin saƙonni ko na Accessibility, ni ba zan yarda da wayar ba sai an kwashe hotuna da lambobin mutane an goge ta gaba ɗaya ta koma kamar sabuwa.

In God of War yake so a waya, akwai hanya biyu ta gaskiya. Manhajar PPSSPP, wadda ake samu a Play Store, tana gudanar da wasannin PSP, kuma Ghost of Sparta da na sa a na biyar ba abin rainawa ba ne. Hanyar da ta halatta ita ce a kwafi wasan daga faifan da mutum ya mallaka. Ta biyu kuma tana ɗakinka: ka sa Ragnarök a PS4 ɗin nan, ya girka PS Remote Play, ku haɗa su a Wi-Fi ɗaya mai ƙarfi, zai buga shi a allon wayarsa.