Keken titi ko na ɗaki: wanne ya fi a lokacin hunturu?

Tambaya daga wani ma'aikaci a Malali: Assalamu alaikum. Ina da keken tsere, kullum bayan sallar Asuba nakan tuƙa zuwa Dandalin Murtala in dawo. Tun da hazo ya sauka nake fama da tari da ƙaiƙayin maƙogwaro. Wani abokina ya ce in sayi na'urar nan da ake ɗora keke a kai a tuƙa a cikin ɗaki. Ta cancanci kuɗinta, ko in daure in ci gaba da fita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wannan na'ura ta yi kasuwa ne a Turai da Amurka saboda dusar ƙanƙara da gajartar yini. Mu a Kaduna sanyinmu bai kai ya hana mutum fita ba, rigar sanyi da safar hannu sun isa. Abin da ke sa ka tari ƙura ce. Iskar arewa maso gabas ke kwaso ta daga Sahara, musamman kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, daga Nuwamba har wajen Maris. Mai laushin cikinta ba ta tsayawa a hanci, har cikin huhu take wucewa. Mai tuƙa keke kuwa yana shaƙar iska ninkin ba ninkin na wanda ke zaune, kuma da ya fara haki sai ya koma numfashi ta baki, inda babu abin da zai tace ta.

Don haka shawarata ka saya, amma mai araha, kuma kada ka jingine titi gaba ɗaya. Hazo ba kullum yake da kauri ba. Ranar da ka leƙa ka hango ƙarshen layinku tangaran, fita abinka. Ranar da gari ya yi fari fat, zauna a gida. Akwai ma abin da ya fi tari haɗari: duhun Asuba ga hazo, direban da ya taso daga Kawo a guje ba lallai ya hango ka ba sai ya zo dab. Sa fitila gaba da baya da riga mai ƙyalli, ran Asabar da Lahadi kuma ka bari sai hantsi. Takunkumin N95 yana tare ƙura sosai, sai dai hawa tudu da shi wahala ce, ya fi dacewa da tuƙin a hankali.

Na'urorin kala-kala ne. Akwai wadda ake maƙala tayar baya a jikin wani ɗan gangan ƙarfe, maganaɗisu ko ruwan mai ne ke ba ta nauyi. Ba ta son wuta, ba ta son data, ana naɗe ta a tura ƙarƙashin gado. Aibinta ƙara da cin taya, shi ya sa gara ka ajiye tsohuwar taya musamman dominta. Sai kuma manyan, irin Wahoo KICKR da na Tacx, waɗanda ake cire tayar baya a ɗora sarƙa kai tsaye. Su ne ake haɗawa da manhajar Zwift a yi tsere da mutanen wasu ƙasashe a allo. Abin sha'awa ne, ba musu. Amma yawancinsu sai da wuta, ga data, ga kuɗin wata da ake biya da kuɗin waje. Mai neman lafiyar jiki na wata uku ko huɗu a shekara, ban ga dalilin da zai kai kansa can ba.

Kafin ka biya, duba sandar ƙarfen da ke ratsa tsakiyar tayar bayanka tana riƙe ta a jikin keken. Masu maƙala taya an yi su ne don keken da ake kwance tayarsa da ɗan hannun nan na murzawa. In naka mai noti ne, ko mai kaurin sanda irin na sababbin kekuna, sai an haɗa da wani ƙarfe na daban. In da hali tafi da keken wurin mai sayarwa a gwada a gabanka.

Sai fanka. Mutane kan raina wannan saboda ana sanyi, amma kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da jiki ke ƙonawa zafi yake zama. A titi iska ke kwashe shi, a ɗaki babu mai kwashewa, minti goma ka jiƙe sharkaf. Nemi fanka mai caji, ka aje ruwan sha kusa, ka shimfiɗa tawul a kan kan keken, don gishirin gumi yana cin ƙarfe.

Kada kuma ka ce sai ka yi awa biyu kamar a hanya, gundura za ta kore ka cikin mako guda. Minti 10 na ɗumama jiki, sannan minti 4 da ƙarfi, minti 3 a hankali, ka maimaita sau huɗu, ka huce. Tunda ba tsayawa a danja, ba gangara, minti 40 ɗin nan aiki ne na gaske. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko 75 na mai tsanani. Abin da ɗaki ba zai koya maka ba shi ne kauce wa rami da karanta 'yan Keke Napep, shi ya sa na ce ka riƙa fita. Tarin nan kuma in ya haura mako biyu, ko kana jin ƙirjinka na fito, je asibiti a duba ko asma ce.

Tambaya daga wata uwargida a Tudun Wada: Ni ba ni da keke, ban ma iya ba. Rage ƙiba nake so a cikin gida. Wanne zan saya?

Amsa: Hajiya, waccan na'urar ba taki ba ce, tunda sai da keke take aiki. Ki nemi keken motsa jiki na girke, wanda ba ya buƙatar a iya tuƙi. Na hannu mai ƙwari ya fi sabo mai rauni. Ki hau ki gwada: kada ya yi rawa, sirdin ya riƙa hawa da sauka, kuma in ƙafarki ta kai ƙasan feda gwiwa ta ɗan lanƙwashe kaɗan. Ki karanta iyakar nauyin da aka rubuta a jikinsa. Mai maganaɗisu ya fi mai birkin soso shiru, ba zai tashi yara ba. In kina ciwon baya, akwai mai kujera da majingina.

Gidaje da yawa keken nan ya koma wurin shanyar kaya. In akwai wurin motsa jiki na mata kusa da ke, ki biya kuɗin wata ɗaya ki gani ko za ki ɗore. Ki fara da minti 15, kuma ki sani keke kaɗai ba ya sauke ƙiba in ba a taɓa kwanon abinci ba. In kina da hawan jini ko ciwon suga, likita ya fara sani.

Tambaya daga wani ɗalibi a Rigasa: Sarƙar kekena na ƙara tun shigowar hunturu, ko da na zuba baƙin mai.

Amsa: Ɗan'uwa, baƙin man ne ya jawo. Yana kama ƙura su cakuɗe, su riƙa goge sarƙar da haƙoranta. Wanke ta da kananzir da tsohon buroshi, bari ta bushe, ka ɗiga man sarƙa marar kauri a kowace gaɓa, sannan ka goge na saman tas da tsumma. Ka maimaita duk mako har damina ta faɗi.