Ƙofar motata ta buɗe muna cikin tafiya bayan an zuba mata baƙin mai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce a nan Yamai, unguwar Lazare. Ina da tsohuwar Corolla da nake kai yara lakwal da ita. Tun tsakiyar hunturu ƙofar baya ta hannun dama take kuka in an buɗe ta, makulli kuma yana cijewa a ƙofar direba. Yaron da ke yi mini juyen mai ya ɗiga baƙin mai a hinji da cikin kuba da ramin makulli. Ta yi laushi kwana kaɗan, daga baya ta koma sai an buga da ƙarfi take rufuwa. Wani ya ce a sa man birki, aka sa. Ranar Talata muna shan kwana a shataletale ƙofar ta buɗe, ɗiyata ƴar shekara shida tana zaune a wurin. Allah ya tsare, yayanta ya riƙo ta. Har yanzu in na tuna jikina rawa yake. Wane mai zan ƙara mata? Ko motar ce ta gaji?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, barka da arziki, Allah ya ƙara tsarewa. Kafin mu zo kan maganar mai, daga yau kada kowa ya ƙara zama kusa da wannan ƙofar sai an ciro kubarta an duba. Yara su koma ɗaya gefen, kowa da bel a ɗaure. Kada kuma ki dogara da ɗan maɓallin nan na hana yara buɗewa da ke gefen ƙofar baya. Aikinsa ɗaya ne, ya kashe hannun ciki. Kubar da ba ta cafka ba, ko kin danna shi ko ba ki danna ba, za ta saki.

Motarki ba ta gaji ba, kuma ba ƙarin mai ƙofar take nema ba. Man da aka riga aka zuba shi ya kai ki ga abin da ya faru ranar Talata.

Kin san kubar ƙofar mota ƙugiya ce mai juyawa wadda ke cafke ƙarfen da ke jikin ginshiƙi, da wani ɗan harshe da sifirin ke turowa ya faɗa cikin haƙorin ƙugiyar ya tare ta. Haƙoran biyu ne. Na farko riƙon wucin gadi ne, na biyu shi ne rufin gaskiya. Masu ƙera mota ba don ado suka yi haka ba, doka ce ta tilasta musu, a Amurka tun 1968. Ƙa'idar ta ce a haƙori na biyu kuba ta jure jan da ya haura nauyin kilo 1,000, a na farko kuwa abin da ake nema bai kai rabin haka ba. Duk wannan ƙarfin yana rataye ne a kan abu guda: ɗan harshen nan ya faɗa wurinsa da sauri, cikin ƙiftawar ido, a daidai lokacin da ƙofa ta bugu. Sifirin ɗinsa siriri ne. In laka ta riƙe shi ya yi nawa, ƙofa za ta koma ta zauna a haƙori na farko, ko harshen ya ɗan taɓa bakin haƙori na biyu bai shiga ba. Daga waje sai ki ga ƙofa a rufe. A shataletale yarinya ta jingina, mota ta karkata, ƙofa ta tafi.

To daga ina lakar ta fito? Nan ne bakin zaren, kuma nan ne nake rasa haƙuri da mutanenmu.

Akwai wata magana da ta zauna daram a garejojin garin nan, wai mai duk mai ne. Ƙarfe ya yi kuka? A ba shi mai. Wane iri? Wanda ke kusa. Abin da ke kusa kuwa kullum shi ne galan ɗin baƙin man da aka juye daga injin wani, tunda kyauta ne. Ba ranar da za ta fito ta faɗi ban buɗe ƙofar da aka yi wa wannan aika-aika ba. Baƙin mai fa ba don wasa aka fitar da shi daga inji ba. Ya cika da toka, da ɓurɓushin ƙarfe, da tsamin da ƙonewar fetur ke bari. Abin da ka ce bai cancanci ya zauna cikin inji ba, yaya za ka ɗura shi cikin kubar da ran yaro ke rataye a kanta? Ko da sabon man inji ne daga cikin gwangwani, ba wurinsa ba ne. Man inji an yi shi don ya yi yawo a rufaffen wuri, famfo na tura shi, matata na tace shi. Ƙofa a buɗe take ga iska, kuma iskar Yamai daga Nuwamba zuwa Maris kowa ya san abin da take ɗauke da shi. Ƙurar hunturu, da jar ƙasar unguwannin da kwalta ba ta kai ba, duk inda suka samu danshin mai nan suke sauka. A cikin ƙurar akwai yashi, yashi kuwa ya fi ƙarfen kuba tauri. Mai da yashi in sun haɗu, abin da suke zama bai da maraba da man da muke goge bawul da shi a gareji, wanda aikinsa ke nan ya ci ƙarfe. Kwana uku na farko ƙofa ta yi shiru, mai mota ya sa wa yaro albarka. Bayan wata guda ta yi nauyi. Zafin Afirilu da Mayu ya zo, rana ta haura digiri 40, ƙarfen ƙofa ya fi haka nesa, ruwa-ruwan man ya tafi ya bar ƙullun. Sai a ce ai man ne ya ƙare, a ƙara.

Shi kuwa man birki, wanda ya ba ki shawararsa ya ƙara gishiri a miki. Na san abin da ke ruɗin mutane: siriri ne, yana ratsa tsatsa, nan take abu ya motsa. Amma man birki irin DOT 3 da DOT 4 da ake sayarwa ko'ina halinsu shi ne zuƙar ruwa daga iska. Ka zuba shi a kuba a bazara, damina ta faɗi a Yuni, ka ajiye wa ƙarfe abin da zai riƙa jawo masa danshi har Satumba. Yana wanke ɗan giris ɗin da kamfani ya sa tun asali. Yana cin fenti. Ki duba gefen ƙofar inda ya zuba, ina kyautata zaton za ki ga fentin ya yi laushi ko ya tashi. Yana kuma sa wasu robobin cikin kuba su tsage. In aka zuba shi a kan tsohuwar lakar baƙin mai, narkar da ita yake ya kai ta can ciki, wurin ɗan harshen da sifirin ɗinsa, inda da ba ta isa ba.

Ban gama ba. Akwai masu man gyaɗa, akwai masu man shanu, na ga ma wanda ya sa man kitso. Man girki in ya daɗe a iska da zafi danƙo yake zama, cire shi ya fi cire baƙin mai wuya. Akwai kuma masu gazuwal. Kowa likita ne a kan ƙofa, saboda an ɗauka ƙofa ba ta kisa. Mutum zai tsaya a kan makaniki awa biyu saboda birki, amma ƙofa sai ya miƙa wa yaron da ya fara koyo jiya. Je ka tsaya bakin Katako ko tashar Wadata ka kalli taksi da faba-faba: wata ƙofar sai direba ya miƙo hannu ta baya ya ja, wata an ɗaure da igiya, wata an yi mata walda an kafa sakatar ɗaki. Fasinja ya shiga ana ce masa "buga da ƙarfi". Ƙofar da ke neman a buga ta da ƙarfi ƙara take kawowa, mu kuma mun mayar da abin gaisuwa. Kuma duk motocin nan akwai takardar duba lafiya a aljihun gaba, da hatimi. Ni dai ban taɓa ganin hatimi ya riƙe ƙofa ba. Mai ɗaukar ƴaƴan mutane amana ya ɗauka, kuma za a tambaye shi. Patoro, wato mai gareji, da ke ganin yaronsa yana ɗiga baƙin mai a kuba ya kau da kai, shi ma yana da kaso.

Mu koma kan motarki. Ki kai ta wurin mai gyaran ƙofa, ki tsaya a yi wannan gwajin a gabanki. Ƙofa a buɗe, a sa sandar sukudireba a bakin ƙugiya a tura kamar ƙofa ce ke rufuwa. Dole ki ji "ƙas" sau biyu, kowane a fili. Sai a ja hannun ƙofa, ƙugiya ta saki nan take. In ta yi nawa, ko ƙarar ɗaya ce, ko sai an taimaka mata, fesa daga waje ba zai wadatar ba. A cire kwalin ƙofa, a kwance kubar gaba ɗaya, a wanke ɓangaren ƙarfen da kananzir da buroshi har laka ta ƙare, a bar ta ta bushe sarai. In motar tana da kullen lantarki, kada a tsoma ɓangaren ɗan injin kullen da ƴan wayoyinsa. Bayan wanki a duba haƙoran da ido. In bakinsu ya goge ya yi zagaye, ko robar da ke lulluɓe da ƙugiya ta ɓare, ko sifirin ya saki, a canza kubar. Ba na son a ce miki za a ɗan goga da fayil ko a ɗiga walda. Kubar Corolla ba abin wahala ba ce a wurin masu kayan okaziyo, sai dai ita ma a yi mata gwajin sukudireba kafin ki ba da kuɗi. Kuma a tuna a saki ƙugiya bayan gwaji, kada a bugo ƙofa tana kulle.

In kubar lafiyarta lau, abin da take so shi ne farin giris na litiyum, ɗan kaɗan, a kan haƙora da inda ƙarfe ke gogar ƙarfe. Duk wanda ido ke gani a waje a share shi da tsumma, don na waje ƙura kawai yake tarawa.

Hinji ma haka. A share tsohon datti, a fesa siririn mai mai ratsawa, a buɗe a rufe har baƙin ruwa ya daina fitowa, a goge, sannan farin giris. Feshin WD-40 da kowa ke yabo yana da amfani a nan wurin wanki da kore danshi, don aikin da aka yi shi dominsa ke nan a San Diego a 1953. Amma siriri ne, ba ya daɗewa a zafinmu, in aka tsaya a kansa bayan ƴan makonni kukan zai dawo. Sau da yawa ma kukan ba daga hinji yake ba, daga sandar nan ce ta tsakiya mai hana ƙofa wuce iyaka. Ita ma a shafa mata. Sannan ki kama ƙarshen ƙofar tana buɗe ki ɗaga sama. In kin ji tana wasa, fin da bushin hinji sun cinye, ƙofa ta sauka, ƙugiya ba ta haɗuwa da ƙarfen ginshiƙi daidai. Wannan ba mai a duniya da zai gyara shi, sai canji da saiti. Tunda an daɗe ana buga taki da ƙarfi, a duba ƙarfen ginshiƙin ko ya goce.

Ramin makulli shi bushewa yake so. Ƴan faifan da ke ciki ƙanana ne, sifirin ɗinsu kamar gashi, ɗigon mai ɗaya da ƙura ya isa ya tsayar da su. Garin girafit ake hurawa, wato irin baƙin abin da ke cikin fensir, ko feshin PTFE, wani mai sa santsi da ke bushewa. Amma naki an riga an jiƙa shi, in aka zuba girafit yanzu taɓo zai zama. A fara wanke shi da feshin wanke kayan lantarki, a riƙa sa makulli ana zarewa ana gogewa har ya fito fes, ya bushe, sannan girafit. A hanya in ya cije, ki goga bakin fensir a haƙoran makulli, zai kai ki gida. Kada ki murɗa da ƙarfi, cire karyayyen makulli ya fi wannan tsada. In makullin kansa ya goge, kwafin da aka yanka daga gogaggen makulli gogagge ne shi ma. Masu rimot kuma su riƙa sa makulli a ƙofa ko sau ɗaya a wata, in ba haka ba ranar da batir ya mutu za su tarar ramin ya toshe. Wurin tada mota kada a zuba masa komai sai in gwani ne.

Robar gefen ƙofa silikon take so a tsumma. Man inji kumbura ta yake, kumburarriyar roba kuma tana turo ƙofa baya ta hana ta kai haƙori na biyu, don haka a duba taki inda baƙin man ya taɓa.

A ƙurar Yamai ni sau biyu nake so a shekara: bayan hunturu ya wuce, da kuma bayan damina ta ɗauke. Ranar da za a buɗe wannan ƙofar, a yi wa sauran ukun gwajin sukudireba, har da but, domin yaron da ya zuba wa ɗaya da wuya ya bar sauran.