Fain a bakin teku

Ka ce maigidan da kake wa aikin lambu a Lekki yana son guntun fain, bishiyar nan da Turawa ke kira pine, mai ganye rani da damina a ɗan filin ƙofar gidansa, wai wanne za ka dasa. Kai yaro, ka fama mini tsohon miki.

Wata Madam ce a Ikoyi ta dawo daga Turai da guda 6 cikin kwali, irin da ake kira mugo. Sunan ma kaɗai ya isa gargaɗi. Na ce mata, ranki ya daɗe, wannan ɗan duwatsun Turai ne, ƙanƙara ke rufe shi ya yi barcinsa, zafin Legas da danshinta za su dafa shi. Ko fain ɗin da ke Jos da Afaka ta Kaduna irin ƙasar zafi ne, kuma dogo ne. Ta ce ba shawara ta ɗauke ni ba. Da kuɗina na sayo yashi na gauraya da ƙasa, na yi musu rumfa da buhu, kullum da asuba ina tsugune a gindinsu kamar mai jinyar uwa. Shi kuwa fain munafuki ne, saiwa ta ruɓe tuni amma kai yana nan kore shar. Ranar da suka yi ja, ta ce taki na zuba na ƙone su. Albashin wata uku ta riƙe, har yau. Maigadin da muke shan shayi tare shi ya rufe mini ƙofa.

To, kai arokariya za ka nemo, wadda masu fulawa ke ce wa bishiyar Kirsimeti. Ba fain ba ce ta ainihi, amma maigida ba zai gane ba, kuma asalinta tsibirin Norfolk ne, iskar teku ba ta dame ta ba. Bar ta cikin babbar tukunya mai huda, don in ka sake ta a ƙasa sai ta wuce bene. Kada almakashinka ya taɓa ƙololuwarta, in ka yanke ta ɓaci ke nan. Ɗanɗana ruwan boholin gidan, in zartsi ne nemi wani.

Haƙa rami da ban ruwa kuwa, je ka tambayi wayar nan da ku yaran yanzu ba kwa ajiyewa. Amma karɓi rabin kuɗinka kafin ka ɗaga shebur.