Tambayi Mai Fenti: Fijo 504 ɗin mahaifina da bikin ƙanwata

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya bar Fijo 504 fara wadda ya saya sabuwa a 1982. Da aka zo rabon gado na roƙa aka sa ta a kasona, don a cikinta yake kai mu makaranta. Shekara tara ke nan tana ajiye gindin mangwaro a tsakar gidanmu. Inji yana tashi in an sa batir, sai dai fenti ya dushe, ƙasan ƙofofi kuma duk ƙuraje. Bikin ƙanwata saura mako shida, burina a ɗauki amarya a cikinta. Wani ya ce zai fesa mini ita cikin kwana biyar. In ba shi? Ɗanka ne, daga Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya gafarta wa mahaifinka, Ya sa albarka a auren ƙanwarka. Wasiƙarka ta taɓa ni, don a jikin 504 aka fara miƙa mini samfefa ina yaron gareji a hanyar Bauchi, kuma a jikinta na fara riƙe bindigar feshi. Mota ce mai amana. Faransa ta fito da ita a 1968, aka buɗe masana'antar haɗa Fijo ta Kaduna a 1975, kuma bayan Turawa sun daina yin salun ɗinta a 1983 mu nan aka ci gaba da haɗa ta shekara ashirin da ɗoriya. Shi ya sa kayanta ba su yi wuyar samu ba. Abin da ka rasa a kasuwar Dilimi ta nan Jos za ka same shi a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano.

Amma kada ka ba shi. Ban san mutumin ba, ban kuma ce macuci ne ba. Kwana biyar ɗin ne ba za su isa ba, ko a hannun wa.

Waɗannan ƙurajen da ka gani a ƙasan ƙofa ba ciwon fenti ba ne. Tsatsa ce ta ci ƙarfen daga ciki har ta turo fentin waje. Kowace ƙofa tana da 'yan ramuka a gindinta inda ruwan da ya bi gilashi yake fita. Ganyen mangwaro da furensa da ƙura sun toshe su, ruwa ya kwanta a ciki damina tara, damina irin ta Jos da ake farawa tun Afrilu a kai Oktoba. Mai kwana biyar zai goge saman, ya shafe da fila, wato ƙullun da ake cike lotsin jikin mota da shi, ya fesa. Ranar biki kowa zai yaba, kafin wata damina ta wuce ƙurajen sun dawo wurinsu. Kitso ne da ƙwarƙwata.

Akwai abin da ya fi wannan damuna. Salun ɗin 504 ba ta da shasi daban irin na babbar mota, jikinta ne ke ɗauke da kansa. In dokin ƙofa da daɓen ƙasa sun ruɓe, magana ta tashi daga ado ta koma ta rayukan da za su zauna a ciki. Saboda haka kafin ka yi ciniki da kowa, samu safiya guda ka fito da ita rana. Ɗaga kafet gaba da baya. Riƙe tocila da sukundireba, ka bi daɓen kana dannawa, ka bi dokin ƙofa ta ƙasa, da wurin da ake kafa jak, da bakin madigadi huɗun, da mazaunin batir, da kwanon but. Ɗaga leɓen robar gilashin gaba ka leƙa. Ƙarfe mai rai yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe yana lotsawa ko ya zubo gari ja. Sannan ka naɗe ɗan maganaɗisu a tsumma ka ja shi a jikin motar. Inda ya ƙi kamawa, fila ce a wurin, wato an taɓa yin aiki.

Na taɓa karɓar wata 504 wagon da aka fesa a wani gareji wata bakwai kafin ta zo hannuna. Mai ita direba ne, da ita yake ciyar da gida, bashi ya ci ya biya wancan aikin. Da na sa guduma a madigadin baya sai fila ta ɓalle mai kaurin ɗan yatsa, a bayanta takardar buhun siminti da ragar waya aka cusa a ramin. Mutumin ya tsuguna ya daɗe bai ce komai ba. Har yau in na tuna raina yana ɓaci. Fila ta gyaran ɗan lotsi ce, in ta wuce kaurin milimita 3 to fanal bita bai gama aikinsa ba, kuma ba a toshe rami da ita. Rami sai a yanke ruɓaɓɓen wurin har a tarar da ƙarfe mai haske, a ɗinka sabon falankin ƙarfe da walda. In da kabaid za a yi waldar, a bi ta ɗigo-ɗigo ana barin ƙarfe ya huce, don zafi yana karkatar da jikin ƙofa. Bayan walda a shafa maganin tsatsa ta ciki, nan ne yawancinmu muke sakaci don mai mota ba ya gani.

Daga walda sai bakanike da mai wayarin, ba mai fenti ba. Man birki yana cin fenti, ɗigo ɗaya ya isa ya tayar da shi. Cire lagireto, sauke giya, jingina da madigadi ana kwance kafireto, duk a gama su a kan tsohon fenti. Sai an gama da su mai fenti zai karɓa: a cire bamba da fitilu da hannun ƙofa da robobi da gilasai, a kankare inda ya kamata har ƙarfe, a fara da firaimar ifoksi wadda ke hana ruwa isa ga ƙarfe, a bi da fila ana gogewa a bushe don tana shan ruwa, daga samfefa mai lamba 80 zuwa 180 zuwa 320, a sake firaima, a bar ta ta zauna kwanaki, a goge da 500 ko 600. Feshin kansa aikin yini guda ne. Abin da ke gabansa shi ke cin makonni. Kujeru da kafet da sababbin robobi su ne na ƙarshe.

Ga kuma lokaci. Yanzu marka ake yi, iska cike da laima. Ruwa yana taruwa a tankin kwamfaresa ya biyo tiyo ya shiga fenti, sheƙi ya yi hazo, daga baya ƙananan ƙuraje su feso. Disamba da Janairu kuma ga ƙurar hunturu ga sanyin garin nan da ya haura mita 1,200 a kan tudu. Fentin zamani da ake kira 2K, wanda ake zuba wa hadina, wato sinadarin da ke sa shi ƙanƙamewa, ya fi son zafin da ya kai digiri 20 a ma'aunin Salshiyas, da sanyi ba ya ƙanƙamewa da wuri, ƙura ta samu lokacin manne masa. Ni a Jos na fi son farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke, hazo bai sauko ba. Ka kuma lura ko mai feshin yana sa takunkumi mai matatar iska. Hadina guba ce ga huhu, ƙyalle a hanci ba ya tare ta, na ga abokan sana'a da suka ƙare da ciwon ƙirji.

To biki fa? In ka duba ka tarar daɓe da dokin ƙofa suna da rai, mako shida sun ishe ka ka sa ta a hanya. Sauya taya huɗun da safaya ko da zanensu bai cinye ba, taya mai shekara tara a ajiye ta riga ta mutu. A kwance birki gaba ɗaya, a sa sababbin robobi da tiyo da mai. A wanke tankin mai, a sauya tiyon lagireto da bel da man inji. Sannan a wanke jikin, a bi shi da man goge fenti a hankali da hannu. Farin fenti yana farfaɗowa fiye da yadda kake zato. Ƙanwarka za ta shiga ɗakinta a motar mahaifinta, da fentin da hannunsa ya sha shafawa, ni a wurina wannan ya fi sabon feshi. In kuwa sukundireba ya huda daɓe, ka yi haƙuri ɗana, a nemi wata motar, wannan ta jira Nuwamba.

In lokacin ya zo, a rubuta jinga a takarda da sunan kowane aiki. Raba kuɗin uku: kafin alƙalami, bayan ka ga walda da idonka tun ba a rufe ta ba, sai ranar karɓa. Ɗauki hoton komai kafin a kwance, kowane rukunin kusoshi a ledarsa da rubutu. Tambarin zaki da lambobin 504 na jikin but ka tafi da su gida, ƙananan abubuwa ne masu saurin ɓata a gareji.

Tambaya: Malam, maigidana yana da Marsandi 230 ta 1984 ruwan madara, ya bar mini ita. Jikinta lafiya lau, ranar Abuja ce ta ƙone rufin da bonet. Yarana sun ce a mayar da ita baƙa. Mene ne shawararka? Daga wata Hajiya a Kubwa, Abuja.

Amsa: Ranki ya daɗe Hajiya, a bar kaza cikin gashinta. Sauya launi ba waje kaɗai ba ne, sai an bi cikin ƙofofi da but da ɗakin inji, in ba haka ba duk wanda ya buɗe ƙofa zai ga mota mai launi biyu. Baƙi yana tona kowane ɗan lotsi, yana kuma tara zafi, ke da kike Abuja kin fi ni sanin ranar Maris. Takardun motar ma suna ɗauke da launinta, in an sauya sai an je ofishin lasin an gyara. Masu neman irin wannan Marsandi kuwa da launinta na asali suka fi darajanta ta.

A ɗaga kafet ɗin but, nan rana ba ta taɓa ba, da wannan wurin mai haɗa fenti zai gwada launi, a fesa a ɗan falanki a duba da hasken rana kafin a taɓa motar. A nemi garejin da ke da ɗakin gashi, irin wanda ake kira obin, akwai su wajen Apo. Bayan an karɓo ta a yi wata biyu ba a shafa mata man sheƙi ba, ba a lulluɓe ta da tamfol ba, don tina, ruwan da ake sirka fenti da shi, tana ci gaba da fita daga fentin. A wanke da ruwa da tsumma mai laushi, ban da garin sabulun wanki, a kuma sama mata rumfa a gida tun kafin ta dawo daga gareji.