Amsa: wane allon zane ya dace da mai koyo?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana Gusau, wayar Android kawai gare ka, kuma kana neman allon zane mai sauƙin kuɗi da za ka riƙa sa wa a jaka.

Shawarata, kada ka fara da mai gilashin nuni, wato wanda zanen yake fitowa a fuskarsa. Yana da tsada, yawancinsu ma sai da kwamfuta suke aiki. Nemi wanda ba shi da gilashi, irin Huion HS64 ko H640P, faɗinsu wajen inci 6 ne. Daga wayar suke jan wuta, alƙalaminsu kuma ba ya buƙatar caji, wanda hakan babbar rahama ce a yanayin wutarmu. Wacom Intuos ƙarami yana da ƙarko sosai, sai dai ya fi su kuɗi.

Kada lambar 8192 ko 4096 da ake rubutawa a kwali ta ruɗe ka, matakan danna alƙalami ne, kuma hannun mai koyo ba zai bambance su ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne wayarka ta karɓi OTG, wato a iya jona mata na'urar USB ta wurin cajinta. Gwada da filasha tun kafin ka biya, ka kuma tabbatar akwai mahaɗin OTG da zai haɗa allon da wayar a cikin kwalin tare da ƙarin bakin alƙalami.

Da farko hannu zai yi maka gardama, kana zane a ƙasa ido yana kan waya. Yi haƙuri, yana sabawa. Sauke manhajar zane ta ibisPaint X, kyauta ce, ka fara da layuka da da'irori kullum kafin ka taɓa fuskar mutum.